Yadda ake gano abin da ya ƙona fis tsakanin batir da inbata kafin a sa sabo

Wani dare cikin Afirilu, irin daren da zafin Kano ke sa mutum ya bar katifa ya koma kan siminti, fankar ɗakina ta tsaya cak. Babu wutar gari tun la'asar, inbata ce ke riƙe da gidan. Na haska fitilar waya na leƙa lungun da batura suke. Fuskar inbata baƙi ƙirin, ko ƙyaftawa ba ta yi, kuma babu kukan nan da take yi in caji ya yi ƙasa. Ƙanina da ke kwana a ɗakin zaure ya biyo ni, ya duƙa ya duba, ya ce, "Yaya, fis ne. Bari in samo guntuwar waya mu ɗaure, gobe a sayo sabo." Na ce, "Kai dai miƙo min mafici." Da mafici muka kai asuba.

Da gari ya waye na buɗe gidan fis ɗin, sai ga robar gefe guda ta narke ta yi ƙwanƙwasa, notin wajen kuma da yatsa biyu na juya shi. Da mun ɗaura waya a daren nan, da a wannan lungun za ta ci gaba da yin zafi muna barci, ga batura biyu cike da caji a gefenta. Tun daga ranar ba na gaggawar sa sabon fis sai na san abin da ya ci tsohon. Canja fis aikin minti biyar ne, neman dalilin shi ne aikin.

Abin da fis ɗin yake tsarewa

Mutane da yawa sun ɗauka inbata fis yake karewa. Wayar yake karewa, da gidan da wayar ke ciki. Wutar soket bolt 230 ce, don haka dutsen guga mai wat 1000 abin da yake ja bai kai amfiya 5 ba (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya). Amma wannan wat 1000 ɗin, in daga batir mai bolt 12 za a zuƙo shi, kusan amfiya 100 ne ke bi ta jar wayar nan mai kauri da ke fita daga kan + na batir. A kan bolt 24 rabin haka, a kan 48 kwata. Wannan ke nan komai lafiya. In kuwa jar waya ta taɓa baƙa, batir ɗaya mai 200Ah zai iya turo amfiya sama da dubu nan take, ya mai da sufana jajawur, ya narkar da rigar waya. Fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka sa da gangan ya zama shi ne mafi rauni a layin, domin shi ya narke kafin waya. Ke nan in ya ƙone aikinsa ya yi.

Na farko: wane fis ne daga ciki?

Ba guda ɗaya ba ne a tsarin, kuma yadda matsalar ta bayyana shi zai nuna maka inda za ka dosa.

In inbata ta mutu murus, ba haske ba ƙara, babban fis ɗin da ke kan jar waya kusa da batir shi ne abin zargi na farko. In tana ba da wuta lafiya amma an kawo wutar gari ko an ta da janareta ta ƙi caji, duba bayanta: akwai ƙaramin fis na gilashi a cikin wani murfi mai murɗewa, ko wani ɗan maɓalli da ke tsalle ya fito, sai a danna ya koma. In da rana tsaka batir ba ya hawa, to wajen sola ne: ko fis ɗin da ke tsakanin kontirola (na'urar da ke daidaita cajin sola) da batir, ko waɗanda ke cikin akwatin da wayoyin fanel ke haɗuwa. In kuwa na'ura ɗaya ce kawai ta ƙi kamawa, kada ka wahalar da kanka, buɗe fulogin nan mai ƙafa uku, akwai fis mai 13A a ciki.

Masu batirin litiyam su ƙara lura da abu ɗaya. A cikinsa akwai allon tsaro da ake kira BMS, wanda ke yanke wuta da kansa in an ja fiye da kima ko caji ya ƙare ƙaf. In ya yanke, komai zai yi kama da fis ya ƙone alhali lafiyarsa ƙalau. Duba fitilun jikin batirin, in akwai ja tana ci, kashe shi ka jira kaɗan ka sake kunnawa kafin ka kwance ko noti ɗaya.

Na biyu: kashe komai, bi da bi

Kayan aiki ba su da yawa: mitar gwaji, sufana da ta dace da notin, sukundireba, salatif, tabarau, da fitila mai kyau. Naɗe jikin sufanar da salatif ka bar bakinta kawai. Cire zobe da agogon ƙarfe. Zoben azurfa in ya shiga tsakanin sufana da kan batir, a yatsa zai yi ja. Ban da kyandir, ban da ashana, ban da taba, domin batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, ita kuwa tartsatsi ɗaya take jira. Buɗe ƙofa da taga.

Sai kashewa. Fara da kayan gida, sauke birekar da ke fita daga inbata. Sannan raba ta da wutar gari da janareta, ko ta canjoba ko ta zare fulogi; kada ka ce ai an ɗauke, ana iya kawowa hannunka na ciki. Kashe maɓallin inbata. Sannan yanke sola, kuma nan ne ake yawan kuskure: kullum fanel ake fara rabawa da kontirola kafin batir, domin kontirola da yawa suna lalacewa in rana na turo wuta babu batirin da zai karɓa. Ka kuma sani cewa layin fanel na manyan inbatocin zamani yana kaiwa bolt 300 zuwa 450, wannan kisa yake, ba girgiza ba. In babu birekar sola a tsarinka, bar aikin sai bayan magariba.

Batir kansa ba shi da makashi. Ko ka kashe duniya, kawunansa biyu a raye suke. Kafin ka zo kwance fis, za ka cire baƙar waya daga kan batir ka naɗe bakinta, amma tukuna, akwai awo ɗaya da ake yi tana haɗe.

Na uku: tabbatar da mita

Ido yana ruɗi. Wani fis ɗin zai tsinke a ƙarƙashin roba inda ba a gani, wani kuma zai yi baƙi amma yana aiki. Juya mita zuwa bolt na DC, wato irin wutar batir, alamar V mai miƙaƙƙen layi a kai. Baƙin tsinke a kan baƙar wayar batir, jan tsinke a ƙafar fis ta ɓangaren batir. Tsarin bolt 12 mai lafiya zai nuna 12 da ɗoriya, cikakke wajen 12.7, na 24 ninkin haka, litiyam na 48 yakan zauna sama da 51. Sai ka matsar da jan tsinken zuwa ɗaya ƙafar, ta ɓangaren inbata. In lamba ɗaya ka gani a duk ɓangarorin, fis bai tsinke ba. In can akwai wuta nan babu, ko nan ɗin lambar tana sauka a hankali, ya tafi. Saukar nan a hankali ragowar cajin da ke cikin kafasitocin inbata, wato 'yan gwangwanayen da ke riƙe caji a cikinta, ne ke tsiyayewa.

In tun a ɓangaren batir ka ga 10.5 ko ƙasa a tsarin 12, ko 21 a na 24, to ba fis ne ya kashe maka wuta ba, batir ne ya sauka ƙasa. Wannan wani karatun ne daban.

Yanzu cire baƙar wayar batir, ka kwance fis ɗin gaba ɗaya ka riƙe shi a hannu. Yayin kwancewa lura da notin: ya yi maka gardama ko kuwa sakwaf ya juyo? Riƙe amsar, za ka buƙace ta. Mai da mita wajen da take ƙara in an haɗa tsinkayenta, gwada su da juna ka ji ta yi kuka, sannan ɗora su a ƙafafun fis. Kuka, lafiya. Shiru, ya tsinke. A waje ake wannan gwajin, domin in yana ɗaure wuta na iya zagayawa ta wata hanya mita ta yi maka ƙarya.

Na huɗu: karanta gawar fis ɗin

Kada ka jefar da shi. Shi kaɗai ne shaidar da ta ga abin da ya faru, kuma yadda ya mutu iri uku ne.

In tagar ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ƙarfen ya tarwatse ya bar ɗigo-ɗigo a jikin murfin, to wuta mai yawa ce ta bi ta kansa lokaci guda. Shot ne: wayoyi sun haɗu, ko cikin inbata ya ƙone, ko an juya kan batir. Irin wannan in ka sa sabo, kafin ka ƙarasa ɗaure noti ya bi ɗan'uwansa.

In tsakiyar ƙarfen ce ta narke tsaf ta rabu, murfi garau ba hayaƙi, lodi ne ya fi ƙarfinsa ya yi ta ɗumama har ya saki.

Na ukun shi ne nawa, kuma a ganina shi ya fi yawa a gidajenmu, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Ƙafa ɗaya ta sauya launi, ta yi shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa, robar gidan fis ta wannan gefen ta lanƙwashe, rigar wayar ta taurare, wani lokacin har da ƙauri. Ɗaya ƙafar kuwa fes. Wannan ba lodi ba ne, ba shot ba ne, zafin sakakken noti ne ya dafa fis ɗin daga gefe. Lissafin mai sauƙi ne. Mahaɗar da ta saki ta tara tirjiya ga wucewar wuta da ba ta wuce om 0.005 ba (om shi ne ma'aunin tirjiyar), wadda mitar gida ma ba za ta iya gani ba, in amfiya 100 na bi ta kanta zafin wat 50 take haifarwa. Kwatankwacin ƙarfen da mai gyaran rediyo ke narka dalma da shi ke nan, a manne da ƙafar fis sa'o'i. Ƙarfe in ya yi zafi ya buɗe, in ya huce ya tsuke, kullum dare da rana, noti yana ƙara saki, zafi yana ƙaruwa. Ga kuma ɗakin da aka cusa batura, sau da yawa sito ne ko ƙarƙashin bene ba taga, a garin da bazara ke haura digiri 40. Fis da ke cikin zafi yakan saki tun bai kai lambar da aka rubuta masa ba.

Akwai wani ƙaramin kuskure da ke jawo irin wannan ko noti ya ɗauru tam: sa wosha tsakanin ƙafar fis da kan waya. Wosha baƙin ƙarfe ce, ba ta wuce da wuta kamar tagulla. Dole kan waya ya kwanta kai tsaye a kan ƙafar fis, wosha ta zo daga sama, sannan noti. Duba kuma inda aka matse waya a cikin kanta. In da guduma aka bubbuge ta ko da filaya, ja ta da ƙarfi. Wadda ta motsa sai an sake.

Na biyar: in shot ne, nemo shi

Fara da tambaya: me aka taɓa kwanan nan? An ƙara wa batir ruwa? An sauya batir? An matsar da inbata don shara? In fis ya tashi ne daidai lokacin da ake mai da waya, kusan kullum juya kai aka yi, ja ta tafi wajen baƙa. Kada ka yarda da launin waya kawai, na sha ganin inda aka yi wayarin duka da launi ɗaya. Bi kowace da hannu daga alamar + ta batir har alamar + ta inbata. Haka nan in aka jera sabon batir cikakke gefe da gefe da wanda ya sauka, cikakken zai kwarara cikin ɗayan da ƙarfi, fis ɗin tsakaninsu ya tafi.

Sannan bi wayoyin tun daga farko har ƙarshe da fitila. Inda suka ratsa ƙarfen rak ɗin batura, inda suka goga da kusurwa, inda suka bi bayan kwali. Ɓera yana son rigar waya. Tsaka da kyankyasai suna son ɗumin cikin inbata, kuma ƙurar hunturu in ta taru a kan allo ta sha laimar damina takan zama hanyar wuta.

In wayoyi lafiya, saura inbata. Kwance duka wayoyinta biyu na batir, jira minti biyar zuwa goma, auna bolt a ƙafafunta ka tabbata ya sauka kusan sifili. Sai ka sa mita a wajen ƙara ka ɗora ja a kan +, baƙi a kan −. Mai lafiya za ta sa mita ta yi ɗan kuka na daƙiƙa ɗaya ko biyu ta yi shiru, lambar ta yi ta hawa, alamar kafasita na shan caji. In kukan ya ƙi yankewa, ka juya tsinkayen ma haka, lamba na zaune kusa da sifili, to mosfet ɗin ciki, wato ƙananan sassan da ke kunna da kashe wuta a kan allonta, sun ƙone sun haɗe. Nan aikinka ya ƙare, sai wajen mai gyara.

Akwai gwajin da na fi so, domin ba ya cin fis ko ɗaya, kuma wajen mai wayarin mota na koye shi. Sami ƙwan mota mai zare, irin na birki mai wat 21, da guntayen wayoyi biyu a jikinsa. Tsarin 12 ƙwai ɗaya. Tsarin 24 ƙwan babbar mota, ko na ƙarama biyu a jere. Mai da duk wayoyi wurinsu, inbata a kashe, gurbin fis a buɗe. Sai ka taɓa wayoyin ƙwan a kusoshi biyu na gidan fis, wato ƙwan ya tsaya a madadin fis. In komai lafiya zai haska ya dusashe cikin 'yan daƙiƙu har ya mutu. In ya kama ya tsaya da haske tar, akwai shot a gaba, kuma ƙwan ya tare shi bai bar shi ya yi ɓarna ba. Sai ka riƙa cire abubuwa ɗaya-ɗaya, kontirola, inbata, duk wata fitilar DC da aka jona, har ka ga wanda in an cire shi ƙwan ke mutuwa. A tsarin 48 yi amfani da tsohon ƙwan gida mai zare na wat 60 ko 100. Shi ba zai yi hasken kirki ba, don haka mita za ka ɗora a ƙafafun inbata: in bolt ya hau ya kusa na batir, lafiya, in ya maƙale a ƙasa, shot. Ƙwan zamani mara zare ba ya wannan aikin.

Na shida: in lodi ne

Wannan ba ya buƙatar dogon bincike, tambayar mutanen gida yake buƙata, cikin lalama, don in ka ɗaga murya ba wanda zai amsa. Dutsen guga, butar lantarki, hitar ruwa, risho mai wuta, su ne manyan masu laifi. Butar shayi kaɗai tana cin wat 1500 zuwa sama da 2000. Sai masu mota a ciki: firji, firiza, na'urar sanyaya ɗaki, da sumon rijiyar burtsatse. Waɗannan a daidai tashi suna fizgar ninki uku zuwa bakwai na abin da suke ci in sun daidaita. In firiza da sumo suka tashi tare, fis ya ji a jikinsa, kuma wanda ya sha irin wannan fizga watanni yakan gaji ya saki rana ɗaya ba wani dalili sabo.

Abin da ba a cika lura da shi ba: batir in ya yi ƙasa, inbata ƙarin amfiya take ja don ta cike wat ɗin da ake nema. Shi ya sa fis ya fi tafiya can cikin dare ko gab da asuba, kuma shi ya sa tsarin da ya shekara biyu lafiya ke fara cin fis in batura sun tsufa.

Na bakwai: sayen sabo

Hanya mafi sauƙi, tafi da tsohon kasuwa a sayar maka irinsa sak, in dai tun farko an sa daidai. Takardar inbata takan faɗi girman fis da kaurin waya, ita ce gaba da kowa. In ta ɓace, ga lissafin. Ɗauki wat ɗin inbata, raba da mafi ƙarancin bolt ɗin da batir ke sauka, sake rabawa da 0.85 saboda asarar da ake yi a cikin inbata, sannan ƙara kwata a kai. Misali tawa: wat 2000 a kan tsarin 24. Raba 2000 da 21, sannan da 0.85, ya ba da wajen 112. Ƙara kwata, 140. Mafi kusa a kasuwa 150A. Inbata mai wat 1000 a kan tsarin 12 ita ma nan lissafinta ke faɗawa.

Amma fis ba ya wuce abin da waya za ta iya ɗauka. 150A yana son tagulla mai kaurin 35mm² ko sama. In 16mm² aka sa maka, waya za ka canja, ba fis za ka ƙara ba. Kuma kankare bakin wayar da wuƙa ka gani: in cikin ya fito fari, alminiyam ce aka shafa mata tagulla, ba ta ɗaukar abin da aka rubuta a jikinta. Da na je neman nawa a Sabon Gari, mai shagon ya ce, "Alhaji, ɗauki 250 kawai, wannan har abada ba zai ƙone ba." Gaskiya ya faɗa. Waya ce za ta ƙone a madadinsa.

Sai lambar bolt, wadda kusan ba mai dubawa. Fis ɗin mota da yawancin masu faɗin nan da ake kira ANL da MEGA bolt 32 aka yi su, sun isa tsarin 12 da 24. Tsarin 48 kuwa yana iya haura 56 lokacin caji, don haka nemi wanda aka rubuta masa 58 ko sama. Dalili shi ne wutar batir ba ta da numfashi. Wutar gari tana komawa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, tartsatsi ya mutu da kansa. Ta batir miƙe take, in ratar da fis ya bari ba ta isa ba sai harshen wuta ya tsallaka ya ci gaba da ci. Wannan ne ma ya sa birekar gida ta AC ba ta zama a layin batir. Babban bankin litiyam kuma, saboda yawan abin da yake iya turowa in an yi shot, ya fi dacewa da fis mai jikin tangaran, irin NH ko Class T, wanda ke iya datse amfiya 20,000. Sun fi tsada. Araha dai ba ta ado, kuma na sha ganin marasa suna da ke zafi tun ba a kai rabin lambarsu ba. Sayi biyu. In gidan fis ya narke ko kusoshinsa sun yi baƙi, shi ma sabo.

Waya, ƙusa, takardar sigari, cokali: babu ɗayansu da ya san lokacin da zai narke. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Na takwas: ɗaurawa da kunnawa

Baƙar wayar batir tana cire. Goge kawunan wayoyi da samfefa har tagulla ta yi ƙyalli. Zaunar da fis, kan waya a kansa kai tsaye, wosha, wosha mai tsaga, noti. Ɗaure tam amma kada ka hau kai da dukkan ƙarfinka, ƙafar fis tana murɗewa ta tsage daga ciki. In ka lura fis ɗin yana can kusa da inbata, nesa da batir, wannan ce damar matsar da shi: wurinsa kamar taƙi ɗaya daga kan + na batir, domin duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaro.

Wajen mai da baƙar waya ne ake jin "ɗas" ɗin nan da tartsatsi, kafasitoci ne ke zuƙar caji lokaci guda. A kan litiyam wannan zuƙar kaɗai tana iya sa BMS ya yanke ko ta raunana sabon fis. Ƙwan nan dai shi ne magani: sa shi tsakanin baƙar waya da kan batir na daƙiƙa goma, in ya dusashe sai ka manna wayar nan da nan ka ɗaure.

Kunnawa kishiyar kashewa ce. Batir tukuna, ka ga kontirola ta farka ta gane bolt ɗinsa. Sannan sola. Sannan inbata ba tare da lodi ba, bar ta minti biyar, saurara, shaƙa. Sai wutar gari, ka ga caji ya kama. Daga nan ɗora kaya ɗaya bayan ɗaya, fitilu, fanka, talabijin, firji daga ƙarshe, idonka na kan lambar lodi a fuskar inbata.

Bayan rabin sa'a da cikakken lodi, taɓa murfin gidan fis da rigar waya kusa da kowane noti da bayan yatsa. Ɗumi kaɗan ba komai. In gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi, ko ba ka iya barin yatsa a kai, kashe ka sake wannan mahaɗar. Mai mita zai iya ɗora tsinkaye a kusoshin biyu yana kan aiki: abin da zai gani bai kamata ya kai rabin bolt ba, yawanci ƙasa da 0.1 ne.

Fis ɗin cikin inbata

Ƙananan inbatoci na 12 da 24 da yawa suna da jerin fis irin na mota a kan allonsu, kore 30A ko ruwan lemo 40A, huɗu ko shida gefe da gefe, wasu a soke wasu a like da dalma. In ɗaya ya tafi sauran sukan bi shi, don nauyinsa kansu yake komawa, saboda haka duka ake canjawa da lamba iri ɗaya. Sai dai da wuya su ƙone haka kawai. Ko an juya kan batir, ko mosfet sun tafi. In akwai garanti kada ka buɗe. In babu, ka sani cewa inbatoci marasa nauyin nan suna riƙe bolt sama da 300 a manyan kafasitocinsu ko bayan an cire batir. Wanda bai saba aiki a kan allo ba ya ɗauke ta ya kai wa mai gyara, ya tafi da ƙonannen fis ɗin a aljihu, ya kuma gaya masa abin da ke kunne da abin da aka taɓa a lokacin da ta mutu.

Haka nan in ka bi duk matakan nan sabon fis ya sake tafiya, kada ka sa na uku. Nawa dai noti ne. Na canja gidan fis, na sake matse kan wayar a wajen mai injin matsewa, na manna fis na biyu da salatif a jikin bango saman batura, na rubuta 150A da kwanan wata a gefensa da alli. Duk ranar da zan duba ruwan batir, da sufanar nake zuwa in bi notocin ɗaya-ɗaya.